Makaɗan Didawure tsakanin kalangu da sono

A hirar da nake yi da makaɗan unguwarmu ta Didawure a Sokode, kukansu ɗaya ne: bukukuwa ba su ragu ba, gayyata ce ta ragu. Uwar biki ta gwammace ta ɗauko DJ ɗaya da sono, ya saki waƙoƙin Kano daga waya, maimakon ta ciyar da ayarin masu kalangu da 'yan amshi.

Ni dai a ganina, ba tsada kaɗai ba ce. Mai kalangu kan san dangin amarya, ya kira kakanninta da kirarinsu, sai a yi masa liƙi. Yau ƙarar lasifika ta danne ganga, yara kuma sun saba da ita. Amma da aka yi ta ɗauke kuran a 2024, an ga sono ya yi shiru, ganga kuwa ba ruwanta da wuta.

A Dapaong lamarin ya fi tsanani. Tun watan Yuni na 2022 yankin Savanes ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro, mutane na ɗari-ɗari da taron dare, wanda shi ne kasuwar makaɗi.

To, ina mafita? Bikin Adossa na lokacin Mauludi sau ɗaya ne a shekara, ba zai riƙe gida ba. Masu biki su ware wa makaɗa lokacinsu kafin DJ, a sa wa kalangu makirfo. In ba haka ba, wane yaro zai gaji sana'ar ubansa?