A rubuta burtali cikin takardar fetur kafin a sa hannu



Duk wanda ya taɓa kai raƙumi kasuwa ya san ciniki yana da lokacinsa. Kafin ka ce "na sallama" kana da baki. In ka sallama a gaban dillali da shaidu, kuka ba ya maido dabba. Haka kwangilar man fetur take. Abin da aka rubuta shi ne bashi, abin da ba a rubuta ba kuwa sai dai roƙo.

Cikin shekara ta 2008 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a kan man Agadem, cikin jihar Diffa. A 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki, mai tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfani, kashi 40 na ƙasa. A 2024 ɗanyen mai ya fara fita waje ta bututu mai kusan kilomita 2,000, daga Agadem har bakin teku a Benin.

Irin wannan yarjejeniya ana ce mata ta rabon mai. Kamfani ya kashe kuɗinsa ya haƙa, in mai ya fito ya fara cire abin da ya kashe, sannan a raba saura da gwamnati. To, wa ke ƙirga abin da ya kashe? In gwamnati ba ta da masu bin lissafi da suka ƙware, ai an bar wa kura ajiyar nama. Sau da yawa kuma ana sa sharaɗi cewa ko doka ta sake daga baya, ba za ta taɓa ribar kamfani ba, in rigima ta tashi kuma a tafi wajen masu sasantawa na ƙasashen waje. Wannan duk ana rubuta shi dalla-dalla. Amma ina sunan rijiya? Ina mashaya? Ina burtali?

Mai zanen taswira a ofis yana ganin daji ya ce babu kowa, don bai ga gona ba. Mu mun san kowane kwari da mai shi. Manomi yana nuna iyakar gonarsa a biya shi. Makiyayi fa, da ciyawarsa ke nan bana, baɗi tana can?

Za a ce mana ai akwai doka. Gaskiya ne. Doka mai lamba 2010-029 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Tsarin mulkin 2010, a aya ta 150, ya ce a buga kwangilolin arzikin ƙarƙashin ƙasa cikin jaridar hukuma, amma an jingine shi bayan juyin mulkin 2023. Ko lokacin da yake aiki, makiyayi nawa ne suka ga takardar, balle da harshen da suke ji?

Ba mu ƙin fetur, mu ma muna shiga mota. Abin da muke nema kafin a sa hannu a kan kowace sabuwar kwangila shi ne:

Na ɗaya, a zauna da wakilan makiyaya da hukumomin filaye, a zana burtaloli da rijiyoyi a haɗa da takardar.

Na biyu, a rubuta diyyar makiyaya da ta dabbar da ta sha gurɓataccen ruwa, da wanda zai biya, da kwanakin biya.

Na uku, kamfani ya ajiye kuɗin gyaran wuri tun farko, kada ya tashi ya bar mana ramuka.

Na huɗu, a karanta sharuɗɗan a rediyo da Hausa, Fulatanci, Tubanci, Barbarci da Larabci.

Shugabannin rassa, ku tara sunayen rijiyoyinku da hanyoyinku a rubuce tun yanzu. Ranar da aka kira mu zama, kada mu je hannu sake.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.