Rasha ko Yukren: na waye mai zane Arkhip Kuindzhi?

A farkon 2023 gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York ya sauya bayanin da ke jikin zanen Arkhip Kuindzhi. Mutumin da aka daɗe ana kira ɗan Rasha ya koma ɗan Yukren a rubuce. 'Yan Yukren suka yi murna, a Mosko kuwa aka ce siyasa ce tsagwaronta. Shi mai zanen ya rasu tun 1910.

Kowane ɓangare na da abin kamawa. A Mariupol aka haife shi, garin da a lokacin yake cikin daular Rasha, daga baya ya zama na Yukren, yanzu kuma yana hannun sojojin Rasha. Iyayensa Girkawa ne, mahaifinsa ɗinkin takalma yake yi. Ya tashi maraya, har kiwon dinya ya yi. Amma a St Petersburg ya yi suna, ya koyar, kuma can kabarinsa yake.

A 1880 ya yi abin da ba a saba ba: ya baje zane ƙwaya ɗaya tal a ɗaki mai duhu, hoton farin wata a kan kogin Dnieper. Hasken watan ya sa wasu 'yan kallo suka riƙa leƙa bayan zanen suna neman fitila. Shekara biyu bayan haka, ana tsakiyar yayinsa, ya daina baje aikinsa.

Koyarwarsa ce ta fi dagula wa masu gardamar lissafi. Ya zama farfesa a Kwalejin Zane ta daular a 1894, aka sallame shi a 1897 saboda ya goyi bayan ɗalibai masu bore. Bai rabu da su ba, da kuɗinsa ya kai su Turai suka ga manyan gidajen zane. Cikin ɗalibansa akwai Nicholas Roerich na Rasha, da Vilhelms Purvitis wanda Latbiya ke tinƙaho da shi, da Ferdynand Ruszczyc na Folan. Malamin da ya yaye irin waɗannan, da wuya kalma ɗaya a jikin bango ta ishe shi.

Sai dai rikicin ya wuce na suna. A Maris 2022 luguden wuta ya lalata gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Mariupol. Hukumomin birnin na ɓangaren Yukren sun ce an kwashe kayan tarihi sama da 2,000 zuwa Donetsk, har da zanen Kuindzhi na asali guda uku. Ɓangaren Rasha na kiran hakan ceto. To amma yarjejeniyar Hague ta 1954, wadda ƙasashen biyu ke cikinta, ta hana fitar da kayan al'ada daga yankin da aka mamaye, kuma ko da ajiya aka yi, tilas a mayar bayan yaƙi.

Nan gizo ke saƙar. Bayanin da ke bango a New York ana iya sauya shi gobe da safe. Mayar da zane uku kuwa ya dogara ne da wanda zai riƙe Mariupol ranar da aka zauna teburin sulhu.