A Daina Kafa Mana Hujja da Ostiraliya

Duk lokacin da sata ko daba ta yi ƙamari a gari, akwai maganar da ba ta rasa mai faɗinta, a majalisa ko a shirin rediyo na kiran waya: a kwashe su duka a kai su can wani daji ko tsibiri, a ba kowa fartanya, su yi ta noma har su shiryu. Sai wani mai ɗan karatu ya ɗora da cewa ai Ostiraliya ma fursunoni ne suka gina ta. Maganar nan kuskure ce mai hatsari, kuma masu yin ta rabin labarin suka ji.

Gaskiya ne Birtaniya ta kwashi fursunoni kimanin 162,000 zuwa Ostiraliya daga 1788 zuwa 1868, kuma wasunsu sun gama wa'adi sun yi arziki. Amma ayarin jirage na biyu, na 1790, wani kamfanin fataucin bayi aka ba kwangilarsa, ana biyansa a kan kowane mutum da aka loda, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin a teku suka mutu. Waɗanda suka yi arziki kuwa gonaki aka yanka musu, gonakin nan ƙasar 'yan asalin wurin ce da aka ƙwace da bakin bindiga, har aka kusa ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya. Mai kafa hujja da Ostiraliya ya fara gaya mana ƙasar wa za a ƙwace a wannan karon.

Wanda ke son ya ga ainihin wannan dabara, ba tare da ƙasar wasu ta rufa mata asiri ba, ya dubi Giyana ta Faransa da ke Kudancin Amurka. A 1852 gwamnatin Louis Napoleon ta fara tura fursunoni can, da irin hujjar da muke ji yau: a tsabtace gari, aiki ya gyara mai laifi, daji ya zama gona. Kafin a kwaso na ƙarshe a 1953, mutum kusan 70,000 aka kai.

Daga tsibirin Ré da ke Faransa ake loda su. A jirgin da ake kira La Martinière cikin keji na ƙarfe ake zuba su, an kuma ratsa bututun tururi mai zafi ta ciki don a sakar musu in sun yi bore. Idan aka sauke su a Saint-Laurent-du-Maroni sai a rarraba su sansanonin daji. A sansanin Charvein, inda ake kai waɗanda aka ce sun gagara, tsirara mutum ke sarar itace, an yanka masa abin da zai tara kullum, in bai cika ba a rage masa abinci. Wanda yunwa ta ci jiya ta ina zai cika aikin yau? Ga zazzaɓin cizon sauro, ga shawara, ga atuni. A tsibiran da ke gaɓar teku ko kabari ba a haƙa wa fursuna, cikin ruwa ake jefa gawarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar 1854. Wanda aka ɗaure ƙasa da shekara takwas, in ya gama wa'adinsa sai ya sake zaman ɗaurin talala a Giyana daidai yawan shekarun da ya yi. Wanda aka ɗaure shekara takwas ko fiye, shi da gida har abada. To an sake shi, amma wa zai ɗauke shi aiki alhali ga fursunoni ana ba da hayarsu da araha? Ba abincin gidan yari, ba kuɗin jirgi, ba dangi. Sai ka ga dattijo yana kwana a bakin kasuwa yana bara, wani ma ya sake yin sata don a mayar da shi inda ake ba da tuwo. A 1885 aka ƙara wata doka da ta haɗa da masu maimaita ƙananan laifuffuka, ɓarayin tsiya da marasa wurin kwana, su ma aka tura su zaman rai da rai a Saint-Jean-du-Maroni. A 1942, da yaƙi ya yanke hanyar abinci, kusan rabin mutanen wannan sansani suka mutu cikin shekara guda.

Hukuma ta san abin da ke faruwa. A 1867, da mace-mace suka yi yawa, Faransa ta dakatar da tura Turawa Giyana, ta karkatar da su Sabuwar Kaledoniya, amma ta ci gaba da tura mutanen ƙasashen da ta mallaka, musamman 'yan Aljeriya. Wurin da aka ga ya fi ƙarfin Bature, an ga ya dace da Balarabe da baƙar fata.

Me aka gina da duk wannan rai? Da ɗan jarida Albert Londres ya je a 1923, ya tarar da hanyar da aka yi niyyar ta haɗa Cayenne, babban birnin Giyana, da Saint-Laurent, bayan fiye da shekara hamsin ana aikinta, ba ta wuce kilomita 24 ba. Rahotonsa ne ya tayar da hankalin Faransawa, duk da haka sai 1938 aka soke tura mutane, da ƙoƙarin Gaston Monnerville, ɗan asalin Giyana. Shekara saba'in ana mutuwa kafin a sami wanda ya je ya gani ya faɗa har aka saurara, kuma dalilin bai wuce nisa ba. Inda uwa ba ta iya kai ziyara, lauya ba ya zuwa, alƙali ba ya leƙawa, gandiroba shi ne sarki shi ne alƙali. Wannan nisan shi ne abin da masu cewa "a kai su can" suke nema, ko sun sani ko ba su sani ba.

Za a ce ai masu laifi ne. Wasu haka ne, akwai masu kisan kai a cikinsu, kuma ban ce a bar ɓarawo ya sha ba. Amma Alfred Dreyfus ya yi shekara huɗu a Tsibirin Shaiɗan da ke gaɓar Giyana, daga 1895 zuwa 1899, kan cin amanar ƙasar da bai yi ba. Shi hafsan soja ne mai dangi da masu faɗa a ji, shi ya sa aka dawo da shi. Talakan da aka yi wa ƙazafi ba wanda ya ko san sunansa.

A Najeriya yau, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yari jiran shari'a suke, kotu ba ta ce sun yi laifi ba. Cikin gari suke, kusa da kotuna da iyalansu, amma an manta da su. Masu neman a kai su tsibiri su fara zuwa gidan yarin garinsu su tambayi mutum nawa ne aka taɓa gurfanarwa gaban alƙali.