Dasara: Sarkin da Ya Raina Ɗan Adam

A watan Satumba ko Oktoba na kowace shekara, bayan darare tara na ibada da ake kira Nawaratiri, mabiya addinin Hindu a ƙasar Indiya sukan yi bikin Dasara a rana ta goma. An saba fassara ma'anarsa da "nasarar alheri a kan sharri". Fassarar ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta yi wa labarin ƙwauro.

Kalmar "alheri" a Hausa ta fi karkata ga kyauta da kyautatawa. Abin da Rama ya tsaya a kansa kuwa, wato darma, ya fi kusa da riƙon gaskiya da sauke nauyin da ke wuyan mutum. Ita ma "sharri" ba ta faɗi irin cutar da ta ci abokin gabarsa ba.

A littafin Ramayana, wanda ake jingina wa Walmiki, an kori Rama zuwa daji na shekara 14 tare da matarsa Sita. A can ne Rawana, sarkin Lanka mai kawuna goma, ya sace ta. To, Rawana ba jahili ba ne. Malami ne masanin littattafan Weda, mai yawan ibada, har Barahma, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, ya ce ya roƙi abin da yake so. Ya roƙi kada ababen bauta ko aljannu su iya kashe shi. Ɗan adam kuwa bai ko ambace shi ba, don bai ɗauke shi bakin komai ba. Ta wannan kafa ajalinsa ya shigo, domin a siffar mutum Rama ya zo masa. Ko da ƙanensa Wibishana ya ba shi shawarar ya mayar da matar mutane, wulaƙanta shi ya yi, har ya bar shi ya koma wajen Rama.

A yankin Bengal wani labarin ake tunawa a ranar, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Mahishasura, dodo mai siffar ɓauna, ya sami alkawarin cewa babu namijin da zai kashe shi. Mace bai sa ta a lissafi ba, sai Durga ta hallaka shi. Bahaushe ya riga ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka mai fassara zai fi kusantar gaskiya in ya ce biki ne na faɗuwar girman kai da raini.

A arewacin Indiya ana yin wasan kwaikwayon Ramlila kwanaki a jere, na garin Ramnagar ma yakan kai wata guda. Daren ƙarshe a Delhi ake cinna wa manyan mutum-mutumin Rawana da ƙanensa Kumbakarna da ɗansa Megnad wuta, an cusa musu abubuwan tartsatsi. Bayan kwana 20 sai bikin fitilu na Diwali, wanda masu kallon fina-finan Indiya suka fi sani.

Ba ko'ina ake murnar mutuwarsa ba. A garin Mandsaur na jihar Madiya Faradesh, wasu mutanen na ɗaukar Rawana surukinsu, don sun yi imani matarsa Mandodari 'yar garin ce, kuma ranar Dasara girmama gunkinsa suke yi.