A duba ɗakin tsoho tun ruwa bai sauka ba

Bazara ta kama. Kowa yana sharar gona, yana neman iri, yana kai taki. Amma akwai aiki guda da ake yawan mantawa da shi. Shi ne duba ɗakin da tsohon gida ko tsohuwar gida ke kwana. A kansa za mu yi magana yau.

Kowa ya tuna da damanar 2024. A ƙasarmu Nijar, ruwa ya kashe mutum fiye da 300. Waɗanda ɓarna ta shafa sun wuce miliyan 1. Jahar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi muni. Da yawa cikin mamatan, ɗaki ne ya faɗa musu. A farkon watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, bayan ya yi shekara fiye da 150 a tsaye. Idan ginin da dukan gari ke kallo ya faɗi, ina ga ɗakin tsohuwa da ke can ƙuryar gida?

Me ya sa tsofaffi suka fi shiga hatsari?

Sau da yawa ɗakin tsoho shi ne ɗakin da ya fi kowane tsufa a gida. Shi ya gina shi tun yana da ƙarfi. Yara sun girma, sun yi sababbin ɗakuna, wasu da rufin kwano. Shi kuwa yana nan cikin nasa. Da can yana yi masa yaɓe kowace shekara. Yanzu ba ya iya hawa bisa.

Samarin da za su yi masa aikin sun tafi cin rani. Wasu suna Najeriya, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu Abijan. Sukan dawo dab da shuka, su wuce gona.

Kuma tsoho ba ya roƙo. Yana jin nauyin ƴaƴansa. Ka tambaye shi, sai ya ce lafiya lau. Idan bango ya fara motsi da dare, yaro ya ji ya fita da gudu. Tsoho kunnensa ya yi nauyi, idonsa ya rage, gwiwa kuma ba ta tashi da sauri.

Abin da za a duba

Kada a tsaya a bakin ƙofa a gaisa a wuce. A shiga ciki da rana, a ɗaga tabarma, a janye kaya daga jikin bango. A tafi da magini idan akwai shi a gari.

Na 1, gindin bango. Nan ruwa ke fara ci. Idan ƙasar wurin ta zaizaye, ko tana marmashewa a hannu, bangon ya rasa ƙafa.

Na 2, tsaga. Ƙaramar tsaga ta yaɓe ba kome ba ce, a cike ta. Amma tsagar da yatsa ke shiga, ko wadda ta raba kusurwa biyu, ko wadda ake hango haske ta cikinta, wannan gargaɗi ne. Haka bangon da ya karkata ko ya yi ciki.

Na 3, azara da itacen rufi. A ƙwanƙwasa su da sanda. Wanda gara ta cinye yana ƙara kamar ganga. A duba wanda ya lanƙwasa. Idan ƙasa tana zubowa bisa gado, rufin ya gaji.

Na 4, bisan ɗaki. Wasu kowace shekara ƙasa suke ƙarawa, ba sa kwashe tsohuwa. Nauyi yana ƙaruwa, itace yana tsufa. Idan marka ta jiƙa wannan ƙasa, nauyinta ya ƙaru sosai. A share indararo, a tabbata ruwa yana zuba nesa da bango.

Na 5, hanyar ruwa. Ina ruwan tsakar gida ke bi? Idan yana kwanciya a bayan ɗakin tsoho, a yi masa magudana. Gidan da ke bakin tafki, ko bakin gulbi, ko cikin kwari, nasa hatsarin ya fi.

Na 6, ƙofa. Ƙofar da a da tana rufuwa lafiya, yanzu tana cijewa, alama ce ginin ya motsa. Kuma kada a riƙa kulle tsoho ta waje da dare.

Hatsarin da ba na ruwa ba

Lokacin ɗari, tsofaffi suna shiga da wuta ɗaki. Garwashin gawayi a ɗaki rufe yana fid da iska mai guba. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Mutum ya ji ciwon kai, ya yi barci, ba ya tashi. A bar kafar iska a buɗe, a fid da wutar kafin barci. Bargo da rigar sanyi sun fi garwashi aminci. A ba tsoho tocila maimakon fitilar kananzir, musamman a ɗakin kara da na ciyawa.

Wasu gidaje suna ajiye buhunan wake a ɗakin tsohuwa, don ita ce ba ta fita. Idan an sa wa waken ƙwayar maganin ƙwari, tururinta yana kisa. Kada mutum ya kwana ɗaki ɗaya da ita. Haka maganin feshi da buhun takin zamani, a nema musu wani wuri. Akwai buhu mai ruɓi uku da ke tsare wake ba tare da magani ba. A tambayi malamin gona.

Tarin tsummoki da tsofaffin ƙore maɓoyar kunama da maciji ne. A toshe ramukan ɓera. A ɗaura gidan sauro.

A duba hanyar makewayi. Dokin ƙofa mai tsawo, turke, igiyar akuya, rami, duk suna kada tsoho da dare. Ƙashin tsoho idan ya karye, da wuya yake ɗoruwa. Da yawa daga faɗuwa guda suke kwanciya, ba su ƙara tashi ba. Masai da bakinsa ya tsage yana iya ruftawa da damana. Rijiyar gida a yi mata murfi.

Yadda za a yi maganar

Nan ne aikin ya fi wuya. Ɗan fari yana jin kunyar iyayensa. Suruka ba ta iya buɗe baki. Ƙaramin ɗa yana tsoron a ce ya raina uba. Kowa ya yi shiru, bango yana ta tsagewa.

To, a nemi wanda tsoho ke jin maganarsa. Yana iya zama ƙanensa, ko abokinsa na ƙuruciya, ko liman. Jika ma yana da amfani a nan. Tsakanin kaka da jika akwai wasa. Jika yana iya cewa: "Kaka, wannan ɗakin naki ya girme ki, yau a wurinki zan kwana in ga ko zai faɗa mana." Ta yi dariya, amma ta ji.

Kada a je masa da umurni. A je da neman shawara. A ce: "Baba, kai ka gina ɗakin nan, kai ka san shi. Me ya kamata mu fara gyarawa?" Wanda aka nemi shawararsa yana yarda da wuri.

Kada a zubar da kayansa ba da saninsa ba. Abin da kake gani tarkace, wataƙila kayan auren tsohuwa ne, ko abin da mijinta ya bari. A ɗauki abu ɗaya ɗaya, a tambaye ta.

Tsoho da yawa yana ƙin barin ɗaki don tsoro. Yana ganin idan ya fita, ba za a maido shi ba. Wata tsohuwa tana tsoron zaman ɗakin suruka. Saboda haka a faɗa mata gaskiya: kwana nawa aikin zai ɗauka, da inda za ta zauna kafin a gama. Idan ɗakin ba ya gyaruwa, a yi mata wani cikin gidan, kusa da mutane, inda za a ji kiranta da dare. Ɗan ɗakin kara mai sabon jinka ya fi shigifa mai ruɓaɓɓen rufi.

Ina za a sami taimako?

Na farko, dangi. Babban gida ya tara ƴan uwa. A faɗi abin da ake bukata da sunansa: tubali kaza, azara kaza, leda, ƙofa, ladan magini. Wanda ya iya rubutu ya rubuta. Sannan a kira na cin rani a waya. Kada a ce musu kawai "ku aiko da kuɗi". A ce musu ɗakin Inna ya tsage, ga abin da za a saya. Idan akwai waya mai hoto, a aika musu hoton tsagar. A zaɓi mutum guda mai amana ya riƙe kuɗin, ya yi bayani bayan aiki. Ƴaƴa mata da ke gidan aure su ma a shaida musu, suna da hakki.

Na biyu, gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zamanin shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta gina azuzuwan makaranta a garuruwa da yawa da ƙarfin hannu. Manyanmu sun san wannan, wasunsu da su aka yi. Samarin da ke zaman fada suna shan shayi za su iya yaɓe ɗakin tsohuwa cikin yini ɗaya. Masu amalanke su kawo ƙasa, mata su kawo ruwa, masu gida su dama fura. A yi tubali tun rani, don ba ya bushewa cikin marka.

Na uku, mai gari ko mai unguwa. Akwai tsofaffin da ba su da kowa: wadda ba ta haihu ba, da wanda ƴaƴansa suka rasu ko suka ɓace a tafiya. Maƙwabci ya kai maganarsu gaban mai gari. A sanar a masallaci. Kungiyoyin mata masu asusu su ma suna iya sa hannu. Lokacin kaka, masu fid da zakka su tuna da su.

Na huɗu, hukuma. Mai gari ya kai sunayen masu bukata ofishin komin. Idan ɓarna ta auku, a je a yi rajista da wuri, don da sunayen da aka rubuta ake rabon agaji. Tsoho ba ya iya bin layi. Wani ya tsaya masa, ya riƙe takardarsa ta shaida. Inda akwai ƴan kwana-kwana, lambarsu 18 ce. Sai dai mu sani, agaji bayan ɓarna yake zuwa, kuma masu jira suna da yawa. Gyaran da aka yi da bazara ya fi buhun da za a karɓa bayan ɗaki ya faɗi.

Na biyar, likita. Wani lokaci gyaran ɗaki bai isa ba, sai an duba mai ɗakin. Tsohon da ke yawan faɗuwa, a kai shi a auna jininsa, a duba idonsa. Yanar ido ana cire ta a asibitocin manyan garuruwa, mutum ya koma gani. A shekarar 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita a asibitocinta. A je a tambaya.

Tsohon da ya ruɗe

Akwai tsufan da ke taɓa hankali. Tsohuwa ta manta wuta a murhu, ta fita da dare ta ɓace, ta ce an sace mata kaya. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Kada a kira ta mayya, kada a ɗaure ta, kada a bar yara su yi mata ihu. A kai ta likita. A raba ta da ashana da wuƙa cikin dabara. Babban mutum ya riƙa kwana kusa da ita. Kuma a yi karɓa-karɓa, kada a bar wa mace guda dukan nauyin har ta gaji.

Ku makiyaya

Idan dabbobi za su yi arewa da damana, wani lokaci ana barin tsofaffi a baya. Kada a kafa musu bukka cikin kwari ko hanyar ruwa. Ruwan da aka yi can nesa yana iya zuwa da dare, alhali nan ko ɗigo ba a yi ba. A bar su a tudu, kusa da mutane. A shaida wa arɗo ko mai gari, a bar musu hatsi da wanda zai ɗebo musu ruwa.

Idan ruwa ya riga ya sauka

Wanda bai samu ya yi gyara ba, ga abin yi. Idan aka kwana ana ruwa, ko aka jera kwanaki ana yi, a fid da tsoho daga ɗakin da ake shakka. Ko da ruwa ya ɗauke, kada a yi saurin maida shi. Bangon da ya sha ruwa yana iya faɗuwa bayan an ɗauke. A wannan dare, ko ya ƙi, a lallashe shi a fita da shi. Fushinsa zai wuce da safe.

Ƴan uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali da makarantar yaƙi da jahilci. Sannan ku zauna da mai gari, ku rubuta sunan kowane tsoho da ke kwana shi kaɗai a garinku. Ku sa ranar da za a zagaya a duba ɗakunan, ku sa ranar gayya, tun hadari bai haɗu ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa.