Malam Ya Ce Sai Word, Yaro Kuma Waya Kawai Gare Shi

Makon da ya wuce 'yar yayana, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, ta dawo gida ranta a ɓace. An ba su jinga, ta kwana biyu tana rubutawa a wayar mahaifiyarta, ta mayar da aikin PDF ta tura. Malamin ya ce bai karɓa ba, shi fayil ɗin Word yake so. Washegari ta hau keke daga Rikkos zuwa wani shagon kwamfuta a Terminus, aka sake buga mata aikin, ta biya kuɗin bugu da na mota. Kafin ta kai, wa'adi ya wuce, an rage mata maki.

Na san da yawa daga cikinmu a Gangare, Anguwan Rogo da Dilimi sun ga irin wannan. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu zauna da malamai mu daidaita wannan magana, cikin girmamawa, tun farkon zangon karatu.

Mu fara da yi wa malami adalci. Wanda ya nace sai Word yana da hujjarsa. A cikin Word zai iya gyara kuskure, ya rubuta sharhi a gefen layi, ya mayar wa ɗalibi ya gani. Malamin da ke duba kundin kammala digiri a Jami'ar Jos, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Barkin Ladi, yana buƙatar hakan domin kundin zai yi ta kaiwa da komowa. Wanda ke son PDF shi ma da tasa hujjar. Kamfanin Adobe ya fitar da wannan tsari a 1993 domin takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, shafi ba ya zamewa, tebur ba ya wargajewa.

Ɓangaren ɗalibi kuma sananne ne. Gidaje nawa ne ke da kwamfuta? Yawancin yaranmu da waya suke aiki, ga tsadar data, ga wuta da ba ta tsayawa. Abin da aka tsara a waya sau da yawa yana canja kama idan an buɗe shi a kwamfuta. Masu rubutu da Hausa suna da ƙarin matsala: idan an buga aiki da tsofaffin haruffa irin su Rabi'at, kuma kwamfutar malami ba ta da su, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma wasu alamomi marasa ma'ana. A nan PDF ne ke ceton aikin.

To mene ne mafita? Na farko, malami ya faɗi irin fayil ɗin da yake so ranar da ya ba da aikin, ya kuma faɗi dalili. Na biyu, a bambance daftari da aikin ƙarshe. Idan malami zai yi gyara a ciki, a tura Word. Idan maki kawai zai ba da, babu abin da zai hana a karɓi PDF. Ga 'yan ƙananan azuzuwa kuwa, rubutun hannu mai kyau, ko hotonsa da ya fito sarai, ya wadatar. Na uku, kada a rage wa yaro maki saboda nau'in fayil a karon farko. A ba shi kwana ɗaya ya sauya. Abin da ake son aunawa shi ne fahimtarsa, kuma wannan tana cikin rubutun.

Mu ma iyaye da ɗalibai akwai namu aikin. Manhajojin WPS Office da Google Docs suna aiki a waya kyauta, kuma duka biyun suna iya ajiye rubutu a matsayin Word ko PDF. 'Yar yayana ba ta san haka ba, da ba ta je Terminus ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya, don haka yaron da bai saba da waɗannan abubuwa ba shi zai sha wahala gobe. Matasanmu da suka iya za su iya ware Asabar ɗaya su koya wa ƙannensu.

Sai kuma yadda ake maganar. Kada uba ya je makaranta da faɗa, kada ɗalibi ya yi gardama a zauren WhatsApp na aji. A sami malami shi kaɗai a ce: “Malam, yarinyar ba ta da kwamfuta, ko za a iya karɓar PDF?” Idan abin ya shafi yara da yawa, a kai shi taron iyaye da malamai, a rubuta matsaya ɗaya da kowa zai bi. Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka, ya saka wa malamanmu da alheri.