Tsofaffin majami'un Maraɗi: wa zai rubuta tarihinsu?

Yau magana ta a kan wasu gine-gine ne da muke wucewa kullum bisa kabu-kabu, amma kaɗan daga cikinmu sunka san labarinsu: majami'un Kirista na Maraɗi da kewaye.

Abin ba na jiya ba ne. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, kafin ƙarshen shekarun 1920 sunka kafa a Tibirin Gobir. A Danja, cikin ƙasar Jiratawa, sunka buɗe asibitin kutare a 1956, kuma har yau tana aiki. Wa ya taɓa jin an tambayi majinyaci addininsa a bakin ƙofarta? Ita kuma cocin Katolika, tun zamanin Faransa galibin masu cika ta baƙi ne: ma'aikata da malamman lakwal daga Dahome da Togo. 'Yan kasuwa Yarbawa da Inyamurai su ma sun zo da nasu majami'u. A 2001 Maraɗi ta zama mazaunin bishop, wanda aka fara naɗawa kuwa, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina ne.

To, baƙon da ya haifi ɗiya nan, ya biya kuɗin patanti nan, aka bizne shi nan, har yanzu baƙo ne? Tarihinsa ai na garin ne.

Ga abin da ke damuna. A Janairu 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. A Yuni 2019 an cinna wa wata wuta a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Bango ana sake gina shi. Amma rajistar haihuwa da ta aure, da tsofaffin hotuna, in sun ƙone sun tafi ke nan. Ko ba wuta, gara da ruwan damana ba su barin takarda. Mu da ambaliyar 1945 ta tayar da garinmu daga fadama, ai mun san yadda abu ke ɓacewa.

Abin kunya, babban littafin da ya bi diddigin Kiristocin Maraɗi, wata Ba'amurkiya ce, Barbara Cooper, ta rubuta shi a 2006, da Ingilishi. Mu nawa za mu iya karanta shi?

Shawarata ukku ce. Shugabannin majami'u su ɗauki hoton kowane shafi na rajistarsu, ko da salula, a aje kwafi wani wuri daban. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu su zauna da tsofaffin Tibiri da Danja su naɗi muryarsu tun suna raye. Ofishin magajin gari kuma ya lissafa tsofaffin gine-ginen garin, masallaci da fada da majami'a, a hana rushe su barkatai.

Ba sai ka shiga wuri kake ibada ba kafin ka yarda cewa na garinku ne. In kun san wani dattijo mai labarin waɗannan wurare, ku gaya muna unguwar, mu je da makirfo. Allah ya bar mu da zaman lafiya.